Babi na Shida: Mak 4 a Gaban Uwar Maƙera

Duk wanda zai ba da tarihin Jalingo, ko ya so ko ya ƙi, sai ya bi ta kan bindiga. A ƙarshen shekarar 1892 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Laftanar Louis Mizon, ya hauro kogin Binuwai da jiragen ruwa biyu, ya yada zango a ƙasar Muri. Sarkin Muri na lokacin, Muhammadu Nya, ya daɗe yana fama da mutanen Kona, waɗanda duwatsu suka yi wa garkuwa har dawakinsa suka kasa cin su. Mizon yana neman yarjejeniyar da zai kai wa gwamnatinsa, Sarki yana neman abin da zai fasa Kona. Bukata ta haɗu da bukata. A watan Disamba aka jawo igwa da bindigogi masu cin harsashi, garin da ya gagara shekara da shekaru ya faɗi, aka kashe mutane, aka kwashi bayi. A 1893 Sarki ya kafa sansani kusa da wurin. Sansanin nan ne ya zama Jalingo, wadda tun ranar 27 ga Agusta 1991 take babban birnin Jihar Taraba. Jikokin mutanen Kona suna nan a gefen gari, kuma labarin bai gushe daga bakin dattawansu ba.

Turawan Ingila na Kamfanin Royal Niger sun yi ta kai ƙarar Mizon har gwamnatinsa ta janye shi. Ba tausayin Kona ne ya fi damun su ba. Kishiya ce ta shigo musu kogi, kuma ta saka makamin zamani a hannun sarkin da suke so su mallaka. Shekara biyu kafin faɗuwar Kona, a 1890, ƙasashen Turai sun taru a birnin Brussels na Beljiyam sun amince cewa a mafi yawan Afirka ba za a sayar wa ɗan ƙasa bindiga mai cin harsashi ba. Abin da aka bar masa shi ne bindiga mai ƙyastu wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda masana'antun Birmingham suka daɗe suna turo wa gaɓar teku. Tun ranar aka raba bindiga gida biyu: ta hukuma da ta talaka. Wannan rabo ya wuce zamanin Turawa, ya shiga dokar Nijeriya, kuma har gobe shi ne ke yanke hukuncin wane maƙeri ne mai sana'a, wane ne mai laifi.

Ta talaka ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, wasu baushe, matasa kuma harba-ka-ruga, domin in ka harba sau ɗaya ba ka samu ba, kafin ka sake ɗuri abin da ka harba ya iso ka. Wannan bindiga ta zama 'yar gida tun da daɗewa. Maƙeran baƙi sun koyi gyaranta, daga gyara suka koyi ƙera ta ɗungurungum. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, har igwa aka zuba, ana kuma haɗa albarushi a cikin gari. Can yamma, maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigogin Faransa masu cin harsashi. A kudu maso gabas maƙeran Awka sun yi suna a wannan fanni tun kafin yaƙin basasa. Ƙasar Muri ba baƙuwar ƙarfe ba ce ita ma: Mumuye na Zing da Yorro sun narka tama sun ƙera garma da mashi da kibiya tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Jalingo, kuma maƙeran Hausawa da suka biyo fatake da sarauta sun zo sun tarar da su, kowa ya ɗauki wani abu a wurin ɗan'uwansa.

Ina son mai karatu ya riƙe wannan, domin abin da zan faɗa nan gaba ba raini ba ne ga maƙeri. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda dattijo ke duban launin ƙarfe a cikin gawayi, ya ɗaga hannu yaro ya sassauta zuga-zugi, ya ciro shi da awartaki a daidai lokacin da ya kamata, ya san akwai ilimi a nan wanda ba a rubuta shi a takarda ba. Garmar da ake noma doyar Zing da ita daga hannunsa ta fito. Lauje, gatari, adda, tarko, linzamin dokin hawan salla, duk shi ne. Ƙarfen da yake aiki da shi yau daga wurin 'yan gwangwan yake sayowa, tsohon sifirin na mota da makamantansa, kuma yana fitar da abin da zai yi shekara goma ana mora.

Ta hukuma kuwa, a idon kakanninmu da iyayenmu, ita ce Mak 4. Sunanta na asali Lee-Enfield, ƙirar Ingila. Sojan Ingila sun fara riƙe kakarta a 1895, samfurin da ake kira lamba 4 kuma ya shiga aiki a 1941, ana tsakiyar yaƙin Hitila. Tana cin harsashi 10, mai kaurin .303 na inci, nauyinta wajen kilo 4. Dangin wannan bindiga ne 'yan Arewa suka saɓa a kafaɗa a rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma lokacin da aka kai su dazukan Boma su kara da Japanawa. Mazan jiya da suka dawo sun zo da labarinta kafin mutane da yawa su gan ta da ido. Ta yi aiki a yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, 'yan sandan Nijeriya kuma sun daɗe suna rataye da ita a bakin banki da shingen hanya kafin AK-47 ta ture ta.

Bindigar da ta yi yaƙi biyu ba ta komawa ma'ajiya duka. Wasu sun ɓata a fagen fama, wasu sun bi sojan da ya gudu, wasu an sace, wasu an binne su a bayan ɗaki an mutu an bar wa magada. Taraba kuma ƙasa ce ta iyaka. Gashaka da tsaunin Mambila suna ƙarƙashin Jamus har zuwa yaƙin duniya na farko, ba su tabbata a Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, kuma hanyoyin ƙafa da ke ratsa duwatsu zuwa Kamaru ba su taɓa rufuwa ba. Ga rikice-rikicen da suka yi ta maimaituwa: Tibi da Jukun a Wukari a farkon shekarun 1990 da 2001 da 2019, faɗan Takum, na Mambila a 2017, da na manoman Kona da makiyaya a bakin Jalingo a 2019. Duk lokacin da aka yi irin wannan, abin da ke binne yana fitowa, ana kakkaɓe masa ƙasa, a nufi wurin maƙeri da shi a cikin buhu.

Abin da ke fitowa daga buhun abin tausayi ne. Gara ta cinye ƙota. Damina ta Taraba, mai tsawo da laima, ta bar tsatsa a kowane lungu. Tsohon harsashin soja yana barin wani gishiri a cikin bututu wanda ke cin ƙarfe, shi ya sa ake koya wa soja ya zuba tafasasshen ruwa ya wanke bayan harbi. Wanda ya gaji bindigar bai san da wannan ba, wanda ya binne ta kuma bai damu ba. Wani ƙarfen ya karye, wani ya ɓace. Ba kantin da ake sayar da kayan gyaranta, domin mallakarta ma laifi ne. Sai mai ita ya durƙusa ya ce, "Baba, a taimaka a duba mini ita, gadon mahaifina ce." Dattijon da ya san aikinsa yakan juya ta, ya leƙa bakinta, ya ce, "Ɗana, ta toka ka kawo in gyara maka yanzu. Wannan ba tamu ba ce." Amma ba kowane maƙeri ne dattijo ba, kuma kuɗin gyaran bindiga ɗaya ya fi na garma da yawa.

Akwai gyaran da ba ya taɓa ran bindiga. Masassaƙi ya fafe sabuwar ƙota da itace mai ƙwari irin maɗaci ko madobiya, ko da yake madobiyar ma ta yi wuya tun da 'yan katako suka yi mata ca a dazukan Bali da Garba Chede da Gashaka a tsakiyar shekarun 2010, ana lodinta zuwa Sin. Baduku ya ɗinka maratayi, ya naɗe ƙota da jar fata. Maƙerin fari ya saka zoben tagulla. Maharbi ya ɗaura layunsa da wuri. Wannan ado ne, kuma duk bindigar maharbi tana da shi, har mutum kan gane ta wane ce daga nesa.

Matsalar tana inda wuta ke tashi. Albarushin bindigar toka baƙi ne, ƙarfinsa kaɗan ne, shi ya sa ƙarfen maƙera kan iya ɗaukarsa, kuma duk da haka kowane ƙauyen maharba yana da mai yatsa uku ko mai ido ɗaya wanda ya cika ɗuri bindiga ta fashe masa. Garin da ke cikin harsashin soja wani abu ne dabam. Tsofaffin Lee-Enfield da aka sayar wa farar hula a Ingila suna ɗauke da hatimi a jikin bututu mai cewa tan 18.5 a kan kowane inci murabba'i. Wannan shi ne nauyin da ƙarfen ke dannewa duk harbi ɗaya, kuma yana danne shi ne tazarar ɗan yatsa daga kuncin mai harbi da idonsa. Ma'aunin saitinta ya kai yadi 1,300, alhali ta toka in abu ya wuce taku 'yan gomomi sai dai a yi addu'a. Ƙarfen da zai riƙe irin wannan ƙarfi an haɗa shi ne da gwargwado, an gasa shi da ma'aunin zafi, an yanke shi da injin da ke auna abin da ido ba ya gani. Maƙeri ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ƙarfen da ya sayo a bola. Zai iya fitar da abin da ya yi kama da na asali sak, ya shiga gurbinsa daram, ya yi harbi biyar lafiya. Saka irin wannan a cikin Mak 4 kamar ɗaura wa ingarma linzamin igiyar rama ne: yana riƙewa har ranar da dokin ya zabura.

Su kansu Turawan da suka ƙera ta ba su yarda da idonsu ba. Tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a Birmingham, na Landan ma ya girme shi. Doka ce a can: ba a sayar da bindiga sai an kai ta an harba ta da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, a cikin ɗaki mai kauri ba kowa a kusa, in ta tsira a buga mata hatimi. In aka yi mata babban gyara a wurin da ke ɗaukar wuta, sai ta koma gwaji. A wurinmu gwajin ana yin sa ne a daji, da fuskar mai bindiga.

Sha'awar gyara tsohuwar bindigar soja ba mu kaɗai ke da ita ba. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatoci sun yi gwanjon miliyoyin bindigogi da araha, mafarautan Amurka da Kanada da Ostireliya suka saya, suka rage musu katako, suka sauya ƙota, suka mai da su na harbin barewa. Amma can ana yi ne da lasisi, da kayan masana'anta, da ƙwararren da ke da ma'auni. A garin Darra Adam Khel na Pakistan maƙera sun fi shekara ɗari suna kwaikwayon Lee-Enfield da hannu, har da hatimin Ingila na jabu, kuma masana bindiga a duniya gargaɗi ɗaya suke yi a kansu: a rataye a bango, kada a harba da cikakken harsashin soja. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kanada. Dakarun sintirinta na yankin ƙanƙara sun riƙe lamba 4 tun 1947, sun so ta ƙwarai domin sanyi ba ya hana ta aiki. Da kayan gyaranta na asali suka ƙare, ƙasar da ke da masana'antu da injiniyoyi ba ta ce a ƙera mata na gida ba. Ta yi mata ritaya, ta fara raba sabuwa a wajen 2018.

Doka kuma ba ta ɓoye matsayinta ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikin jerin an ambaci bindigar soja mai kaurin .303 da sunanta. Na biyu irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, wato ta toka da danginta, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba laifi ne, kuma hukuncin riƙe haramtacciya ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ma'ana, ranar da maƙeri ya karɓi Mak 4 ya ajiye a bayan zuga-zuginsa, kafin ya ɗaga masaba ya riga ya shiga hannun doka, shi da mai ita. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Sai dai akwai wani sashe na dokar nan da ba a cika ambata ba. Ta ba Sufeto Janar dama, tare da amincewar gwamnan jiha, ya ba mutum izinin ƙera bindigar toka da gyaranta, a kuma riƙe rajistar masu wannan izini. Ƙofa ce a buɗe tun 1959. Tambayi maƙeran kasuwar Jalingo ko na Mutum Biyu ko Iware, ka ga nawa ne suka taɓa jin labarinta. Abin da suka sani shi ne hoton ɗan'uwansu a zaune a ƙasa gaban 'yan jarida, an baje masabarsa da awartakinsa kusa da bindigogi.

A nan ne nake ganin hukuma tana magana da baki biyu. Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a 2014, maharban Adamawa da bindigoginsu na toka suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato ta, sunan Aisha Bakari Gombi ya zaga duniya. Marigayi Ali Kwara na Azare ya shekara da shekaru yana kamo 'yan fashi yana miƙa wa 'yan sanda. A Taraba, da masu garkuwa da mutane suka addabi Jalingo da Ardo Kola da Yorro da Bali da Gassol, maharba da 'yan banga ne ke shiga gaba a duwatsu, domin su suka san hanya. Ana kiran su, ana yaba musu, wani lokaci a ba su babur. Ba a tambayar wa ya ƙera abin da ke kafaɗarsu, wa ke gyara shi, ko zai fashe. Mutumin da aka tura da harba-ka-ruga ya fuskanci mai AK-47 dole ya yi sha'awar abin da ya fi ƙarfi, kuma in ya ji akwai tsohuwar Mak 4 a ƙauyen su wane, zai neme ta. Ba na ba shi gaskiya, amma na san abin da ya kai shi.

Rashin tsari yana cin maharbi ta wata fuskar ma. A watan Maris na 2025 aka tare motar wasu maharba 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa gida salla, aka ga bindigogin toka a tare da su, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16. Kuma ba zan rufe ido ga ɗaya gefen ba: Zamfara ta nuna mana abin da ke faruwa in 'yan sa-kai suka ɗauki bindiga ba mai tsawata musu, suka mai da kowane Bafulatani abin harbi, ramuwa ta haifi ramuwa. Bindigar da maƙeri ya gyara wa mai tsaron gona ita ce gobe za a gani a hannun mai tare hanya, kuma yaron da harsashi ya samu bai san da wace niyya aka gyara ta ba.

Abin da nake ganin ya dace ba sabon abu ba ne. Muna da Sarkin Maƙera, muna da Sarkin Baka, masarautar Muri da sauran masarautun jihar sun san mutanensu gida-gida. A yi amfani da ƙofar da doka ta bari: a yi wa maƙeran bindigar toka rajista ta hannun sarakunansu, kowace bindiga ta ɗauki lamba da alamar wanda ya ƙera ta, a samar da wurin gwaji ko guda ɗaya ne a jiha, maharbi ya riƙe katin da ɗan sanda a Edo zai gane. Yaran maƙera masu basira kuma a buɗe musu hanya zuwa kwalejojin fasaha da masana'antar kayan yaƙi ta DICON da ke Kaduna tun 1964. Ita kuwa Mak 4, ba gyara take bukata ba. A karɓe ta ba tare da an ɗaure wanda ya kawo ba, a kashe bakinta, a ajiye ta inda jikokin mazan jiya za su je su gani, kamar yadda gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya ajiye makaman da Biyafara ta ƙera. Cibiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021 don taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai wannan aikinta ne.

Saura tambayar da maƙeri ba zai iya amsawa ba, domin ba shi ya kamata a yi wa ita ba. Bindigar soja ba ta tashi sai da harsashin soja, kuma wannan ba a uwar maƙera ake buga shi ba. To, daga ina harsashin da makaman suke fitowa? A 2017 kaɗai jami'an kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Legas, an shigo da su cikin kwantena ta tashar jiragen ruwa. Masu binciken Conflict Armament Research, da suka bi sawun makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara, sun bayyana a 2020 cewa wasu daga Libiya suka fito, wasu daga Kodebuwa, wasu kuma daga ma'ajiyar jami'an tsaron Nijeriya. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne.